Taɓarya Tana Gidan Su Fibi

Ruƙayyatu,

Na ga barci ya ɗauke ki, shi ya sa ban tashe ki ba. Zan leƙa ofis a Jimeta in nemi hutu, kafin azahar ina gida in sha Allahu.

Na san jiya wajen hoton ciki kuka bai bar ki kin ji bayanin likita ba. Ta ce jini ne kaɗan ya taru a bayan mabiyiya, amma zuciyar yaron tana bugawa lafiya. Da kunnena na ji.

Don Allah ki kwanta ki huta. In kin sake ganin jini ki kira ni nan take, kar kunyar suruka ta sa ki ɓoye kamar shekaranjiya.

Na yi wa surukar taki Dada bayani bayan asuba, tunda ita ke cewa daka yana sauƙaƙa naƙuda. Sai ta ɗauki taɓarya da kanta ta kai wa maƙwabciyarmu Fibi ajiya. Kunun da ke filas Dada ce ta dama miki. Hoton ma yana ƙarƙashin matashinta, ta hana ni.

Suhaib