Sunan Uwata a Jikin Fensir

Asabar, 31 ga Agusta

An aiko takarda daga makarantar 'yata Uwata. Kowane uba ya kawo fensir, fensirin kala, gam da abin goge rubutu. A ƙasa an ja layi, wai ba na ɗanka ba ne shi kaɗai, za a juye su duka a kwando guda, duk ajin su riƙa ɗiba. Na kai wa Dogo a wurin aiki ya sake karanta min, ko ni ne yarensu ya sha min kai. Ya ce haka ne, a ƙasar nan har fensir gayya ake yi masa. Ya yi dariya. Shi ba shi da ɗa a nan.

Lahadi, 1 ga Satumba

Mun je kanti ni da Maiɗaki da yarinyar. Iri biyu ne a jere: mai jan kwali da tambarin kamfani, wanda kowa ya sani, da mai farin kwali a can ƙasa kusa da ƙafa, ko sunan wanda ya yi shi babu. Maiɗaki ta ɗauki ja. Na karɓa na mayar.

Na ce mata ni in wuni cikin tururi ina guge zanin gadon otal, irin wanda ban taɓa kwanciya a kai ba, don ɗan wani ya tauna fensir mai tsada? Katako dai katako ne. Ta ce ita ta taɓa sayen farin, a hannu yake mutuwa. Na ce to ya mutu a hannun 'ya'yan masu motoci.

Uwata na tsaye a gefe. Tana ta shafa jan kwalin da yatsa.

Da la'asar na zauna bakin taga da reza. Yadda Baba yake yi mana: a feƙe gefen gindin fensir har farin katako ya fito, a rubuta suna da biro, a danna sosai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har kwalin ya ƙare, da na kalar duka. Sunan mahaifiyata ne yarinyar ta ci, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa kiran sa da bakina ba, ko a nan ba zan rubuta shi ba. Amma yau na rubuta shi har yatsana ya yi kanta.

"Maigida, an ce fa na kowa ne," in ji Maiɗaki.

Na ce na ji. Su ɗauka, amma su san mai shi.

Litinin, 2 ga Satumba

Ta tafi da murna. Bayana na ciwo.

Alhamis, 12 ga Satumba

Injin guga na biyu ya tsaya, aka tara mana aikin a kan ɗaya. Shugaban sashe yana zagaye da hannu a aljihu. Na dawo na tarar Uwata ba ta ci abinci ba. Wai kai ne ke mata ciwo.

Laraba, 18 ga Satumba

Ciwon kai kuma. Jiya ciki ne. Jikinta ba zafi. Na ce wa Maiɗaki lalaci ne, ta dube ni irin kallon nan nata, ta ci gaba da yankan albasa.

Lahadi, 22 ga Satumba

Yau ta fito.

Ina gyara mata igiyar jaka sai ta tambaye ni ko a ƙasar nan ana iya canja suna. Na ɗauka wasa ne. Na ce wane suna ne ya fi nata, sunan da ya goye ni? Sai kuka. Da ƙyar uwarta ta lallashe ta, maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu.

Farin fensirin nan a karye yake tun daga ciki. Ana fiƙewa bakin na faɗuwa, a sake fiƙewa ya sake faɗuwa, har ya koma tsawon yatsa bai rubuta layi ɗaya ba. Kalar kuma sai an danna har takarda ta yage. Duk yaron da ya ɗauko ɗaya ya karye masa, sai ya juya gindin ya karanta. Wani yaro mai giɓi ne ya fara ɗaga shi sama yana kiran sunan. Yanzu komai ya lalace a ajin da sunan ake kiran sa. Ƙafar kujera ta ɓalle, sunan. Wani ya faɗi a filin wasa, sunan.

Sunan tsohuwata, a bakin 'ya'yan da ko furta shi daidai ba su iya ba.

Maiɗaki ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa da na samu abin yi wa faɗa.

Litinin, 23 ga Satumba

Na ƙona zanin gado guda. Za a cire a albashi.

Dogo ya ce in je in ɗaga musu hankali a makarantar, haka kawai ake jin maganar baƙo. Ya ce ko kuma in kai ƙarar kamfanin farin kwali, in na samu sunansu.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na roƙi rabin yini na je. Tun a mota nake shirya maganganu cikin yarensu, masu zafi.

Malamar yarinya ce ƙarama, dugadugan takalminta sun cinye. Ta ba ni kujerar yara na zauna, gwiwoyina har ƙirji. Ta ce ta sani, ta tsawata, ta kuma tsince waɗanda ta gani, amma kullum sai wani ya ɓullo daga ƙarƙashin tebur. Ta jawo aljihun teburinta. Ga su nan, guntaye, kowanne da rubutun hannuna.

Sai ta kawo kwandon. Na sa hannu na juya. Fiye da rabi irin nawa ne, farin kwali, duk a karye. Ashe ba ni kaɗai na duƙa can ƙasa kusa da ƙafa ba. Bambancin kawai, nasu ba wanda ya san mai shi. Jajayen da ke ciki kaɗan ne, na tambaya, ta ce yawanci ita ta sayo. Na san abin da ake biyan malamai ba zai wuce namu da yawa ba.

Ba ta ce laifina ne ba. Ta ce rubutuna yana da kyau.

A bakin ƙofa na ga mai giɓin. Ubansa ya zo ɗaukar sa da kayan aiki duk fenti, idonsa ja, a ƙafa. Ya gaishe ni da kai, ni ma na gaishe shi. Maganganun da na shirya na dawo da su gida yadda na tafi da su, da guntayen fensir cike da aljihu.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na kasa zuba su a shara. Sunan na jiki. Na sa su a gwangwanin shayi a kan kabad.

Asabar, 5 ga Oktoba

An yi albashi, an cire na zanin gado. Na biya kanti ni kaɗai na ɗauko jan kwali, na rubutu da na kala. Sabon takalmin aikin da na so saya sai wani watan.

Na zauna bakin taga na buɗe kwalin. Ƙamshin katakon ma daban, gaskiya ɗaya ce. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya ɗauko reza ba. Kaya mai tsada haka, a sake shi cikin kwando ba shaida, kamar ka saki akuya a kasuwa.

Uwata na tsaye a ƙofar ɗaki.

"Baba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ajiye rezar.

Talata, 15 ga Oktoba

Bai canja komai ba. Yau kwalbar ruwan wani ta fashe, suka kira sunan. Ta ce ta yi kamar ba ta ji ba. A kan littattafanta ta daina rubuta shi, sai harafin farko da ɗigo. Na gani.

Na yi mafarkin tsohuwa tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ta dube ni ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Takalmin na shan ruwa. Dogo ya ce ni ne mutum na farko da ya sani da ya sai wa 'ya'yan ƙasa fensir alhali yatsun ƙafarsa na leƙe. Na ce ya ji da gugarsa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta ci abinci sosai, har ta nemi ƙari. Tana ci tana ba uwarta labari, ni ina jin su daga bakin taga. Wai mai giɓi ba ya ɗaukar kowane fensir sai ja, kuma duk ya taune gindinsu kamar ɓera. Ban san lokacin da na tambaya ko yana karye masa ba. Ta ce a'a. Na ce to ya ci, ba a kansa aka fara ba.

Ta zo da zanen da suka yi. Gida ne, da wata mata mai ɗankwali a ƙofa, ban tambayi ko wace ce ba. Kalar ta kama, takardar ba ta yage ba. A kusurwar ƙasa ta rubuta sunan. Haruffan ƙanana ƙwarai, sai da na kai shi kusa da fitila. Amma cikakke ne.

Maiɗaki ta ga wani jan kwalin a jakar aikina, ta ɗaga shi tana kallona. Na ce ragi aka yi a kantin, shi ya sa. Malamar nan ma albashinta nawa ne.

Ba a yi wani ragi ba.

Rezar na nan a kan taga, ta fara tsatsa. Gobe in na tuna in jefar.