Allon Kwana Dubu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da su Yaya da yara. Na san waya ba ta yi maka amfani tun da injinan masaƙa suka tafi da kunnuwanka, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Na yi rubutun manya-manya don kada ka ce ido ma ya bi kunne.

Albishir nake tafe da shi. Ka tuna allon da ke bakin ƙofar masana'antarmu, wanda aka rubuta wa "Kwanakin da muka yi babu hatsari"? Da yake ni ce jami'ar kiyaye hatsari, ni nake sauya lambar kowace safiya. Lambobin na ƙarfe ne, a ƙusa ake rataya su. Yau na rataya 981. Saura kwana goma sha tara mu cika dubu, abin da babu masana'antar gwangwani da ta taɓa yi. Minista zai zo, masu kamfani za su zo, kuma an yi wa kowane ma'aikaci alkawarin ƙarin albashi. Manaja har ya sa an ƙera sababbin lambobi masu ruwan zinariya, ɗaya da sifili uku. Suna cikin teburina a naɗe da auduga.

Ina so ka zo bikin. Shekara nawa kana cewa kamfani bai san ciwon talaka ba, to ka zo ka ga an sami canji.

Aiki lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wani mai aikin injin matsa ƙarfe, Bahago muke ce masa, ya ɗan ji ciwo a hannu ranar Litinin, amma yana zuwa aiki, yana zama a ɗakin hutu.

Ka gaida kowa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta


Zuwa ga Auta,

Na sami takardarki, na gode. Muna lafiya. Ido bai bi kunne ba tukuna, har abin da ba ki rubuta ba ina gani.

Madalla da zinariya. A zamaninmu masu kamfani ba su damu su yi mana ado ba, tsawa kawai suke yi. Na yanzu sun yi makaranta. Sun gane cewa in ka rataya wa ma'aikaci ƙarin albashi a bakin ƙofa, ba sai ka ɗauki mai gadin bakinsa ba, abokan aikinsa za su yi maka gadin kyauta. Shi kuma ministan naku, ba shi ne bara ya rage masu duba masana'antu ba, wai suna korar masu zuba jari? Ya kori masu dubawa, yanzu zai zo ya tafa wa allo. Allo kuwa ba ya gardama, abin da aka rataya masa shi yake faɗa.

Kada ki ce tsohon nan ya fara wa'azinsa na ƙungiyar ƙwadago. Tambaya uku kawai gare ni. Wane hannu ne Bahago ya ji wa ciwo? Sunansa ya riga ya sa gabana faɗuwa. Wane asibiti aka kai shi? Kuma mene ne ɗakin hutu? Shekara ashirin da shida na yi a masaƙa, ban taɓa ganin kamfani ya gina wa lebura ɗaki don ya huta ba.

Batun zuwa biki, ki amsa min waɗannan tukuna.

Yayarki tana gaishe ki, ta ce kin manta da hanya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki


Baba,

Barka da war haka. Na karanta takardarka sau uku, na farko da fushi. Yau allo yana 990.

Hannun hagu ne, wanda yake aiki da shi. Injin yana da murfin kariya, amma murfin yana rage sauri, sai aka cire shi tun watan jiya don a cika odar da aka karɓa. Na rubuta ƙorafi sau biyu, aka ce a bari sai bayan biki.

Ba a kai shi asibiti ba. Dokar kamfani ita ce, ba a kiran abu hatsari sai in mutum ya kwana a asibiti ko ya fasa zuwa aiki. Don haka kullum da safe motar kamfani tana ɗauko shi daga gida, ya dangwala yatsan dama a rajista, a kai shi wani ɗaki a bayan sito. Akwai fanka da talabijin da kujera mai laushi. Nas ɗin kamfani tana wanke ciwon, tana ba shi ƙwayar rage zafi. Ƙarfe huɗu a mayar da shi gida. A takarda bai fasa aiki ba ko sau ɗaya. Kafin shi mutum shida sun zauna a ɗakin nan, duk sun warke, shi ya sa ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Na Bahago ba ya warkewa. Jiya na shiga, na tarar ya kashe talabijin ya zuba wa bango ido. Hannun ya kumbura har gwiwa, yatsu biyu sun yi baƙi, ɗakin kuma ya fara wari. Nas ta ja ni gefe ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na je wurin manaja. Bai ɗaga murya ba, har shayi ya sa aka kawo min. Ya ce, "Kwana goma ne fa. Washegarin biki ni da kaina zan kai shi asibitin kuɗi. Kina so ki hana mutum ɗari huɗu ƙarin albashi saboda kwana goma?"

Abin da ya fi ci min rai, shi kansa Bahago roƙona yake. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki rufa min asiri. In allon nan ya faɗi saboda ni, da wane ido zan kalli mutanen sashenmu? Zan daure." Abokan aikinsa suna leƙo shi lokacin cin abinci, suna ce masa namijin duniya.

Kai abin yana maka sauƙi, Baba. Kai ne sakataren ƙungiya da aka ɗaga a kafaɗa, ba ka taɓa sunkuyar da kai ga manaja ba. Ni ba ni da ƙungiya, an rushe ta tun kafin a ɗauke ni. Ni kaɗai ce da biro da akwatin lambobi. In na sa hannu a takardar asibiti, aikina ya tafi, kuma waɗanda nake cewa ina karewa su ne za su fara tsine min. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ka sa ni a addu'a.

Auta


Auta,

Na roƙi direba ya kawo miki wannan yau-yau, ko da zai bar fasinja a tasha.

Kin ce an ɗaga ni a kafaɗa. Gaskiya ne. Bari in gaya miki abin da ke ƙarƙashin kafaɗun, don ko mahaifiyarku har ta rasu ban gaya mata ba.

Kin san Agogo a labari, abokina wanda bai taɓa makara ba, wanda hotonsa ke ɗakina. Kullum ina ce muku kamfani ne ya kashe shi. Rabin magana na faɗa. A lokacin mun yi wata bakwai muna ja-in-ja da masu masaƙa a kan motar ma'aikata da hutun rashin lafiya, saura kwana uku a sa hannu. Sai bel ɗin inji ya tsinke ya doki Agogo a ciki. Babu jini, babu karaya, ya tashi da ƙafarsa. Manaja ya kira ni ya ce in aka kai rahoto, masu dubawa za su rufe sashen, masu kamfani kuma za su janye daga teburin sulhu. Ya ce kwana uku ne kawai.

Ba manaja ne ya je wurin Agogo ba, ni ne. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Daure, ɗan'uwa, don mutum dubu." Ya yi dariya ya ce ai shi ba ya makara. Kwana biyu yana zuwa kafin kowa, yana zama a kan dilar auduga a bayan sito, yana riƙe da ciki. A rana ta uku muka sa hannu da hantsi. Ana ɗauke da ni a kafaɗa ana zagaya fili, aka zo aka ce Agogo ya faɗi. Likita ya ce jini ne ya taru a ciki, da an kawo shi ranar farko da aikin awa ɗaya ne.

Motar ta zo, hutun ya zo, mutane sun amfana, ban musa ba. Bayan shekara tara aka rufe masaƙar, aka sayar da motar. Matar Agogo tana nan layi uku daga gidan nan, ta tsufa. Shekara talatin da ɗaya ina kauce wa layinta.

Har gobe ina kan bakana, laifin masu kamfani ne, su suka shirya abin yadda sai ɗaya ya daure don saura su ci. Amma ba sa iya yi su kaɗai, Auta. Kullum sai sun sami wani namu da zai je ya dafa kafaɗa. Ni na yi musu. Ba zan ce miki aikinki ba komai ba ne, na san wahalar da kika sha kafin ki same shi. Abin da na sani kawai, naman jiki ba ya jiran biki.

Ki yafe min da na bar ki kina auna kanki da mutumin da babu shi.

Mahaifinki


Baba,

Ina gaisuwa. Takardarka ta same ni da azahar, allo yana 993. Kafin la'asar na sa hannu, na sa Bahago a motar haya, ni da nas. Yana ta ce min in bari, har muka isa.

An yanke yatsu biyu. Likita ya ce da mun ƙara kwana uku, da daga kafaɗa za a cire. Matarsa ta riƙe hannuna gam. Shi kuwa har yanzu bai kalle ni ba.

Da na dawo, manaja ya karɓe akwatin lambobin ya ba mai gadi, ya ce gobe a rataya 994, batun asibiti kuma, za a rubuta cewa a gida ya ji ciwon. Ya manta da na cikin teburina. Washegari na riga kowa zuwa, na sauke lambobin uku, na warware audugar, na rataya sifili ɗaya mai ruwan zinariya. Na tsaya a gindin allon har ma'aikata suka gama shiga. Wasu sun yi tsaki, wata ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Wani dattijo a sashen Bahago ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya wuce. Da rana na ji shi ne ya ɗauko murfin injin daga sito ya ɗaura, kuma babu wanda ya cire.

An dakatar da ni, an ɗage biki. Na aika kwafen ƙorafina biyu da takardar likita ofishin masu dubawa, ban sani ba ko akwai wanda ya rage a can da zai karanta.

Ban ji na yi wata bajinta ba, Baba. Kwana goma sha biyar na yi ina rataya ƙarya da hannuna, yatsu biyun nan da rabona a ciki. Batun yafiya kuma, ba ni ce zan yafe maka ba. Zan zo ranar Asabar.

'Yarka,
Auta


Auta,

Allah ya kawo ki lafiya. Yayarki ta share miki ɗaki.

Yau da safe na je layin nan. Na zauna a gaban matar Agogo na faɗa mata duka, yadda na rubuta miki. Da na gama ta yi magana mai tsawo, tana kallona, hawaye na zuba. Ina ganin bakinta yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma kunya ta hana ni cewa ta maimaita.

In kin zo za ki raka ni mu koma, ki rubuta min abin da ta ce. Kada ki rage komai.

Mahaifinki