Mijin da ke cikin littafin Madam

Laraba, 14 ga Maris, 2007, Nuzla

Madam, Bajamushiyar da nake wa aiki a unguwar Abhur, ta ba ni littafinsu mai zane-zane. Ba na jin yarensu, amma hotunan sun isa: mata tana ofis, miji yana gida goye da jariri, yana girki.

Na nuna wa maigida. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai, "Wannan ai mijin-ta-ce ne, Allah ya kiyaye."

Shi da wata bakwai ke nan yana kwance tun da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar nan, ta mutu. Ni ke fita tun asuba. Na dawo ƙafafuna a kumbure, ko ruwan shayi bai ɗora ba.

Halas, shi ke nan, na ƙwace littafina. Ashe rabin labarin muke yi a gidan nan: matar ta fita nema, mijin bai tashi ba.