Abin da Uwarsa Ta Tambaye Ni

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, da fatan kai da Anti da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? An ce har yanzu a kan kujera kake sallah, kana kuma rantse wa likita cewa ta warke. Allah ya ƙara sauƙi, ya rage maka gardama. Mu nan sai godiya. Malam yana fama da idonsa, autarmu ta fara aiki a asibiti.

Ranar da kotu ta sallami ɗanka na ji farin ciki a muryarka, shi ya sa na kasa faɗa maka sauran a waya. Alƙali ya ce mutumin da 'yan fashi suka taɓa shiga wa kemis, ya kuma ga an turo ƙofar baya da ƙarfe a hannu, doka ta ba shi damar kare ransa. Amma mu da ke gida mun sani, ƙarfen nan sifana ce, mutumin da ɗanka ya kashe kuma mai gyaran famfo ne da mai gidan hayar ya turo bai sanar da kowa ba. Tun ranar unguwa ta rabu biyu. A rediyo wani ya ce dokar ta masu shago ce, ba ta masu jakar aiki ba. Jiya a tasi direba ya ce shi ɓarawo ba ya jiran ya yi masa sallama, wata tsohuwa ta ce to Allah ya sa kada ɗansa ya koyi sana'ar hannu. Ina tsakiyarsu, na ja mayafi na rufe fuskata.

Yaya, uwar mamacin ka san ta. Ita ce 'yar mai ɗinkin da muka yi makarantar allo tare, wadda take wanke mini allo idan na makara. Tun da abin ya faru lauya ya hana mu zuwa gaisuwa, na bi maganarsa, kuma ina nadamar haka. Shekaranjiya bayan la'asar na tafi ban gaya wa kowa ba. Na same ta a ɗakin marigayin, jakar aikinsa na rataye a ƙusa bayan ƙofa, takalmansa a ƙarƙashin gado. Na zaci za ta kore ni. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi idon Malam. Ba ta ambaci kotu ba ko sau ɗaya. Da na miƙe zan tafi ta riƙe bakin mayafina, ta ce abu ɗaya ne yake hana ta barci: ɗanta ya samu yin kalmar shahada? Ta ce babu wanda yake wurin sai yaronmu.

Na dawo na sami ɗanka a falo, domin tun da aka rufe kemis ɗin a wurina yake, abinci ma sai na tsaya a kansa. Na tambaye shi. Ya rufe fuskarsa da hannu, ya ce Gwaggo, lauya ya ce kada in furta komai a kan ranar har lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Ƙanwar Malam ta ce in koma in ce wa uwar ɗanta ya yi shahadar, ai tausayi ne. Wallahi na ɗauki mayafi har bakin ƙofa, sai na kasa. Ba zan iya ba da shaidar abin da ban ji ba, a kan mutumin da ke kwance a kabari.

Maganarka yake ji, ba tawa ba. Ka kira shi. Ban ce ya je gidan ba, ban ce ya tsaya gaban kowa ba. Ya faɗa mini ni kaɗai abin da ya ji, ko da amsar ba mai daɗi ba ce, ni zan kai mata da bakina. Na san akwai haɗari a gare shi, ɗana ne ni ma. Amma na ce mata zan dawo, kuma ta ce ƙofa a buɗe take.

Ka gaishe mini da Anti, da babbar 'yarka da maigidanta, da takwarata mai ƙin cin abinci. Malam yana gaishe ka. Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya yafe wa wanda ya rage.

Wassalam,
Ƙanwarka.