Ƙahon Baba Wanzam

Herwagana, daren Talata

Yau kwana uku da Baba Wanzam ya yi mini kaciya, ina ɗan shekara ashirin da huɗu. A ƙauyenmu ba a yi, nan kuwa wanda bai yi ba yaro ne ko da gemunsa. Tsorona kada abokan dakona na tashar jirgi su sani.

Da yamma Baba yana duba ni suka shigo, suka gan ni ɗaure da zane. Sale ya ce, "Kai, haihuwa ka yi?"

Baba ko ɗaga kai bai yi ba. "Ƙaho na yi masa. Juya su gani, ɗana."

Na juya, suka ga tsagar ƙaho a bayana. Ashe shi ya sa ya kafa mini ƙaho ranar kaciyar, alhali bayana lafiya lau. Tsohon nan ya rufa mini asiri, kuma bai yi ƙarya ba.