Rasuwar Alhaji Shafi'u Hodi Argungu a Bakin Layin Tsayawa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Kiyaye Haɗura a Filin Jirgin Sama, Reshen Jihar Kebbi, ta samu labarin rasuwar dattijonta, tsohon shugabanta kuma uban ƙungiya, Alhaji Shafi'u Hodi Argungu, Babban Jami'in Sintirin Titin Jirgi, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Talatar da ta gabata yana bakin aikinsa a Birnin Kebbi, aka kuma yi masa sutura a mahaifarsa Argungu bayan sallar la'asar, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ɗan gidan masunta ne da ya tashi a bakin gulbin Rima, ya yi ƙuruciyar aikinsa a manyan filayen ƙasar nan inda jirgi ke sauka wani na jiran tashi, kafin ya dawo gida da furfurarsa. Shi ne ke zagaya titin jirgi da mota kafin kowace sauka, ya tsince tsakuwa da guntun ƙarfe, ya kori tsuntsayen da shinkafar fadama ke jawowa, ya duba ko awaki sun sami kafa a shinge. Amma abin da kowa ya san shi da shi doka ɗaya ce: babu mota, babu mutum, da zai taka layin tsayawa da ke bakin titi sai ya nemi izinin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta rediyon oba-oba, kuma sai ya maimaita umarnin da aka ba shi kalma bayan kalma. A wurinsa “to” ba amsa ba ce, ɗaga hannu daga nesa ba izini ba ne. Mutum ne mai sanyin hali da yawan barkwanci, amma a kan wannan layi ba ya da aboki, kuma da yawa daga cikinmu mun sha faɗansa har mun koma gida da kunne a zafi.

Jarrabawar wannan doka ta zo masa har gida lokacin da aka tura ɗiyarsa ta fari, Malama Nazifa Shafi'u, aiki a hasumiyar da ke ba jirage da motoci umarni. Duk ɗan ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari, kuma Alhaji na cikin masu riƙe ta da gaske, domin tun da aka haifi Malama Nazifa ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa, ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa a gaban mutane. Mun yi zaton zai nemi a sauya masa lokacin aiki. Bai nema ba. Ya ci gaba da tsayawa a bakin layi yana neman izinin ɗiyar cikinsa, ta ce ya tsaya ya tsaya, ta ce ya wuce ya maimaita sannan ya wuce, sai dai “Hasumiya” kawai yake kiranta. Daga nan ne dattawan da ke jin nauyin karɓar umarni daga yaran da suka girma a gabansu suka daina ƙorafi.

A ranar Talatar, ana tsakiyar jigilar dawo da alhazai, ciwon ƙirji ya kama shi a cikin motar sintiri a ƙetaren titi, ɗakin shan magani kuwa yana ɗaya ɓangaren, ga hanyar zagaye ruwan damina ya cinye ta. Abokin aikinsa na shekaru, Malam Mujtaba Tamba, shi ke tuƙi. Marigayin da kansa ya ɗauki oba-oba ya nemi izinin ƙetarewa da muryarsa ta kullum, Malama Nazifa ta ce su tsaya domin jirgin alhazai ya riga ya miƙo zai sauka, shi kuma ya maimaita cewa sun tsaya. Malam Mujtaba ya so ya sanar da hasumiya halin da ake ciki, marigayin ya riƙe masa hannu ya hana. Jirgi ya sauka lafiya da ɗaruruwan bayin Allah. Da titi ya zama fili, Malama Nazifa ta ba su izinin wucewa, kuma a karo na farko tun da take aiki ba ta ji mahaifinta ya maimaita ba. Kafin a kai shi gaban likita rai ya yi halinsa.

Ran ƙungiya ya ɓaci ƙwarai da jin maganganun da wasu ke yaɗawa a wayoyi da majalisu daga Gwadangaji har Argungu, wai ɗiya ce ta tsare ubanta har ya cika. Wannan magana ƙarya ce, kuma rashin tsoron Allah ne a jefi mai makoki da ita tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Malama Nazifa ba ta san komai game da ciwon ba, umarnin da ta bayar daidai ne, kuma da motar ta shiga titi a lokacin, da yau ba gida ɗaya ake zaman makoki ba a jihar nan. Ajali kuwa na Allah ne. Mun samu labarin cewa saboda waɗannan maganganu ta shaida wa mahaifiyarta ba za ta sake hawa hasumiya ba, kuma wannan ya fi komai tayar mana da hankali bayan rashin kansa.

Saboda haka, da izinin iyali, muna isar mata da shaidar da Malam Mujtaba ya bayar a gaban shugabannin ƙungiya yana hawaye. Ya ce da marigayin ya riƙe masa hannu, abin da ya faɗa shi ne: “Bari Nazifa ta sauke mutanenta tukuna, kak ka tada mata hankali.” Malama Nazifa, wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe, kuma ranar ce kaɗai aka taɓa jin ya ambaci sunanki. Bai tafi yana ganin kin tsare shi ba, ya tafi yana tsare miki aikinki ne. Kujerarki tana nan, ki ɗauki duk lokacin da zuciya ke buƙata, kuma ranar da muka sake jin muryarki a oba-oba za mu maimaita umarninki kamar yadda ya koya mana.

A madadin shugaban ƙungiya, 'yan majalisar zartarwa da ɗaukacin membobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa Hajiya Laure, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da dangi na Argungu da Augie. Allah Ya jiƙan Alhaji Shafi'u, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalinsa da mu baki ɗaya haƙurin jure wannan rashi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.

Sa hannu:
Nasrullahi Ɗanmusa Gwadangaji
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Ma'aikatan Kiyaye Haɗura a Filin Jirgin Sama, Reshen Jihar Kebbi