Ranar da Mama ta sake ɗaukar tulu

Fezzan, Maiduguri
20 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga Yayana Alfred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Florence da yara, da kuma aiki a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan da sauƙi. Ɗakin da ambaliya ta rushe an tayar da bango biyu, saura biyu da rufi, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ka tambaye ni labarin Mama, kuma ba zan ɓoye maka ba. Tun da muka binne Baba ka koma bakin aiki, Mama ta daina addu'a. Matar da ta yi shekara talatin tana kaɗa tulu tana ba da waƙa a Zumuntar Mata, sai ga shi ta tura tulun ƙarƙashin gado, ko amin ba ta cewa in za mu ci abinci. Na ji tsoro ƙwarai, Yaya, domin na ga kamar za mu rasa ta tana raye. Malam Thomas mai bishara ya zo ya tuna mata da koyarwar manzanni, yadda masu bi na farko suka sha kora da ɗauri, suna taruwa a gidaje, suna koya wa juna cewa gwaji ne ke haifar da jimiri, kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare 'yan'uwa su riƙe shi. Mama ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce shekara arba'in tana jin wannan wa'azi daga bakin mijinta, ga shi mai wa'azin yana ƙasa. Malam ya ɗauki hularsa ya tafi jiki a sanyaye.

To, ka san majami'armu ma ta faɗi, shi ya sa matan Zumunta suka roƙa su riƙa koyon waƙa a tsakar gidanmu kowace Alhamis. Ba su ce wa Mama komai ba, ita kuma ta shige ɗaki ta saki labule. Tulun kiɗa kuwa Naomi aka ba, wadda ka sani, ga kirki, amma hannunta sai ka ce dakan gero take yi. Mako uku tana kashe mana waƙa muna haƙuri. A na huɗu suka ɗauko waƙar nan da Baba yake so, kiɗa yana gabas, waƙa tana yamma. Sai muka ga labule ya ɗaga. Mama ta fito rungume da nata tulun, ta ce Naomi ta matsa, ko kurma ba zai yarda a yi wa wannan waƙa haka ba. Daga baya na ja Naomi gefe na tambaye ta ko da gangan ta yi. Ta ji haushi sosai, ta ce wallahi iyakar ƙoƙarinta ke nan.

Ranar Lahadi Mama ta bi mu sujada a gindin dogon yaro inda muke taruwa yanzu. A hanya ta ce kada in ɗauka sun shirya da Allah, har yanzu tana da magana da shi. Na ce mata ai mai magana da Allah bai rabu da shi ba, ta harare ni. Da ta ba da waƙa, muryarta ta karye a baiti na biyu, kuka ya ci ƙarfinta. Matan nan ba su yi shiru ba, kuma ba wadda ta karɓe mata baitin. Suka yi ta maimaita amshi, sau biyar, sau shida, har ta share fuska da bakin zane ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ni ma sai da na yi kuka.

Mama tana gaishe ka, haka ma ƙanenmu Daniel da maƙwabciyarmu Ya Gumsu, wadda kullum take tambayarka. Ka gaida Florence, da yaranku Pindar da ƙaramin Yakubu. Ku ci gaba da sa Mama cikin addu'a, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Rhoda